Ƙaura Babu Akori-kura

A Legas kowa ya san tashi.
Na bar Idi-Araba da katifa a ka,
na bar Mushin ranar da ruwa ya kai gwiwa.
Wannan ƙaurar kuwa ba ɗan dako, ba igiya.
Teburin nan ne dai a ɗakina na Agege,
kwamfutar nan ce dai mai tsagaggen gefe,
mai gidan cikinta kawai zan sauya.

Shekara goma sha ɗaya ina haya a Windos.
Manhajar gyaran hoto ta ce duk wata sai dala,
dala kuwa ta hau bene ta janye tsani.
Na yi lissafi: suna biyu da walimar sauka
nake ɗauka don kawai a buɗe mini ƙofa.
Rotimi mai gyara a Ikeja ya ce,
"Malam, koma Linoks, can ba mai karɓar haya."
Ya miƙo filashi, bai fi ɗan yatsa ba.

Daren Talata na fara, bayan isha'i.
Hotuna dubu tamanin na kwashe a faifai biyu,
ɗaya na ba Bara'atu ta ɓoye cikin kwalla.
Layin yana rarrafe, ya kai sittin da uku,
sai wuta ta yi halinta.
Na tsaya a duhu ina jan igiyar janareto,
ina addu'ar da ban yi ba ko a jirgin ruwan Ikorodu.

Da asuba ta buɗe ido, baƙuwa.
Yatsuna suka nufi inda suka saba,
kamar mai laluben makunni a bangon tsohon gida.
Firinta ta yi gum, ba ta jin yaren.
Jan leshin amaryar Sallau ya koma ruwan goro,
angon kamar ya kwana da masassara.
Kwana tara ina kokawa da launi,
waya na ƙara: "Mai hoto, ina alkawari?"
Sau biyu na ɗaura niyyar komawa,
sau biyu na tuna dala, na kwance.

Ga abin da Rotimi bai faɗa ba:
hotuna sun iso, gyaransu ya kwana a hanya.
Ƙurjin da na goge, tumbin da na rage,
hodar da na shafa wa rabin Agege,
duk sun zube.
Kowa ya dawo da fuskar da ya zo da ita.

Can ƙasan wata tsohuwar jaka
na tarar da Baba,
zaune tsakanin huhunan goro a bakin shagonsa.
Wanda na rataye a falo sumul yake kamar ƙwai.
Lokacin ina koyo, rawar kai ta hana ni bari:
na share tsagen kumatunsa,
na mayar da haƙoran farare tas,
na kori ƙudan da ya sauka a hularsa.

Yanzu ga shi.
Tsage uku-uku, jan goro a dasashi,
zufa a wuyan riga,
ido ɗaya a kanne saboda rana.
Ƙudan ma yana nan, shekara goma bai tashi ba.
Saura kaɗan in ji ya ce,
"Tanimu, ka gama? Masu saye na jira."

Bara'atu ta shigo da shayi, ta daɗe a bayana.
Ta ce, "Yawwa, wannan ne Baba.
Wancan na falo, kunya ce ta hana ni magana."

Ranar Asabar firinta ta koyi yaren.
Shi na fara bugawa, ban taɓa komai ba.
Amaryar Sallau tana jira har yanzu.
Janta ya kusa, na gaya musu Litinin.